Sufabaiza daban, sufeto daban, dan Allah a daina cusa su a buhu ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa gare ka da sauran ma'aikata, ɗan fili nake roƙo in fitar da wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ba faɗa na zo yi ba, ni mai karatun jaridun Hausa ne tun muna saye a bakin tasha har yanzu da komai ya koma cikin waya.

Kwanaki na karanta wani labari a wani shafin Hausa, ba sai na faɗi inda ne ba, wai an dakatar da wasu sufetoci saboda taimaka ma ɗalibai satar amsa. Raina bai kwanta ba sai na je na nemo asalin sanarwar da Turanci, wallahi babu sufeto ko ɗaya a ciki, supervisors ne da invigilators aka ce. Da yamma na kunna rediyo sai na ji su kuma sun ce "masu sa ido". Toh wane mai sa idon? Ni da na shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli a nan Katsina, na yi infijileta na yi sufabaiza kuma na sha zuwan sufeto, na san waɗannan mutane uku ne daban kuma laifin ɗaya ba irin na ɗayan ba ne, kuma wanda duk aka kira da sunan da ba nashi ba an ɗora mashi kayan wani.

Bari in fara da ɗakin jarabawa tunda nan na fi sani. Lokacin WAEC ko NECO sufabaiza malami ne da ake ɗaukowa daga wata makaranta a turo shi makarantar da ba tashi ba, sabida kar ya ji kunyar ɗiyan da ya koyar. Shi ke da santa, wato wurin jarabawar, gaba ɗaya ranar. Shekarar da na fara yi, ana sallame Asuba nake tada mashin in tafi inda ake ajiye takardun tambaya, in sa hannu in karɓi jaka da kwaɗo a bakinta, in ɗaure ta a bayan mashin da roba har biyu, kuma duk ramin da na faɗa sai na kai hannu baya na taɓa ta don in ta ɓace ni ma na ɓace. In na iso sai na ɗaga ambulan sama yara su gani da idonsu ba a farke ba, sannan a buɗe. An gama, ni zan ƙirga takardun amsa su yi daidai da sunayen da suka sa hannu, in rufe in maida cikin lokaci. Infijileta kuwa malamin makarantar ne, aikinshi ya tsaya a cikin aji yana zagawa tsakanin layi, ya raba takarda ya karɓa, ya hana leƙe da miƙa 'yar takarda ta ƙarƙashin benci. Bai da ikon ƙara minti ɗaya, bai da ikon barin wanda ya makara ya shiga, in abu ya fi ƙarfinshi sufabaiza zai kira. Shi kuma sufeto daga hukumar jarabawar yake ko daga ma'aikatar ilimi, ba ya kwana ba ya wuni, sai dai kawai ka ji tsayuwar mota, ya shigo ya duba mu dukkanmu har da ni mai jaka ya rubuta abin da ya gani ya wuce wata makarantar.

Wata rana wani dattijo ya kawo ɗanshi a makare, an fi rabin awa da farawa, ya kama hannun wani matashin malami da ya gani a bakin ƙofa yana ta "haba ɗana, dubi girman Allah", yaron malamin nan har ya fara gumi yana cewa Baba ba ni ne ba, dattijon ya ce to ba kai ke tsaron su ba? Ya tafi yana jin haushin wanda bai mashi komai ba, ni da abin ke hannuna ina zaune a kan teburi a gaba bai ko kalle ni ba. Irin wannan nake nufi.

Kalmomin ma in ka fasa su za ka ga ba banza aka raba su ba. Supervise daga Latin take, super shi ne bisa, sauran kuma daga kalmar gani, wato mai kallon aiki daga bisa, yana ganin kowa lokaci guda. Inspect kuma leƙawa ciki ne, ka buɗe ka duba. Invigilate daga kalmar zama a farke take, kar ka runtsa, kuma tushensu ɗaya da bijilanti ɗin nan namu 'yan sintiri da ke kwana ido biyu a ƙauyuka. Shi ya sa nake dariya in na tuna wani abokin aikina da zafin watan Mayu ke kwasa bayan Azahar, ya jingina da bango a ƙarshen aji baki buɗe, sunan aikin nashi mai zama a farke. A Amurka ma ba su cika cewa invigilator ba, proctor suke cewa, mu na Ingila muka gada. Malaman Islamiyya sun fi mu tsare wannan bambanci don su a Larabci mushrif daban, muraƙib daban, mufattish daban, ba su haɗawa.

In kana son ka gane sufeto da gaske ka tambayi wanda ya ga duba-gari. Muna yara a cikin gari in aka ce ga duba-gari nan sai gida ya hautsine, wannan ta ja tsintsiya waccan ta kwashe tukwanen da ba a wanke ba ta tura ƙarƙashin gado, kakata kuma randa take fara nufa. Zai shigo da kakinshi, bai zama bai shan ruwa, ya ɗage faifan randa ya sa ludayi ya ɗebo ya karkata wajen haske yana neman 'ya'yan sauro, ya leƙa makewayi ya bi rariya da ido har waje. In ya samu abu sai sammaci. Bai taɓa koya ma kowa shara ba kuma ba zai dawo gobe ya ga ko an gyara ba sai ranar da ya ga dama. To wanda ya raɗa mashi duba-gari ya fassara sanitary inspector fiye da yadda kowane ƙamus zai yi. Sufeto zuwa yake ya auna ka da doka ya tafi, sufabaiza kuwa da shi ake aikin kullum, in aikin ya lalace har da hannunshi a ciki. Yanzu a harkar makarantu an ma sauya ma sufetocin suna ana ce masu jami'an tabbatar da inganci, amma dai har gobe in suka zo lesin filan da rajista suke fara tambaya.

Sai kuma na 'yan sanda da ke rikita mutane. A can sufeto muƙami ne, yana sama da sajan amma yana ƙasa da sufritanda. Daga sufeto sai ASP, mataimakin sufritanda, wanda shi ne muƙamin da yaran da suka gama makarantar 'yan sanda ta Wudil ke fitowa da shi, sai DSP sai SP sai CSP, kafin a shiga layin kwamishinoni. Amma kuma can ƙololuwa sai a dawo a ce Sufeto Janar, shi ne uban kowa. Katsina ta ba da har biyu, marigayi M.D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da marigayi Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999. To in mai fassara ya yanke janar ɗin ya ce sufeton 'yan sanda ya ba da umarni kaza, ya sauko da mutum daga Abuja ya ajiye shi a kan kantar caji ofis, kuma na sha jin haka da kunnena. Ita kalmar superintendent ɗin ma yawo gare ta. A aikin gwamnati namu akwai sufritandan ayyuka da na gona da na dabbobi, layi ne na ma'aikatan fasaha. A Amurka shugaban duk makarantun yanki guda sunanshi ke nan, babban mutum, sannan a birnin New York wanda ke kula da gidan haya mai hawa-hawa, mai gyaran famfo da fitar da shara, shi ma haka ake ce mashi. Don haka ba a ganin kalmar a yanke hukunci sai an duba inda take zaune.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce oversee da 'yan uwanta. Ma'anarta sak da supervise, over bisa see gani, sai dai ita ta Turancin gida ce waccan kuma aro ce daga Latin, kaman yadda muke da sani muke da ilimi, ɗaya tamu ɗaya ta Larabci kuma ta aron ita ta fi sa babbar riga. Amma a aikace sun raba hanya. Wanda ke oversee yakan tsaya daga nesa ne, abin gaba ɗaya yake kallo, ba ya bin ma'aikaci ɗaya ɗaya yana tambayar ƙarfe nawa ka zo. A ma'aikatu in kujerar babban sakatare ta zama babu kowa za ka ji an ce darakta wane ke overseeing ofishin, wato an ba shi ajiya ne ya riƙe kafin mai shi ya zo, ko muƙaddashi bai kai ba, amma sai ka ga an rubuta da Hausa wai an naɗa shi, 'yan uwa su fara zuwa murna. Shi kuma overseer, obasiya, suna ne mai nauyi a kunnen baƙaƙen fatar Amurka don shi ne mai bulala da ke tsaye kan bayi a gonakin auduga kafin a haramta bautar a 1865, kusan abin da sarkin gandu yake a rinjin sarakuna a nan ƙasar Hausa. A wasu coci-cocin kudu kuma Janar Obasiya shi ne shugaban ɗariƙar baki ɗaya. Kalma ɗaya, can abin ƙi nan abin girma.

To sai oversight, wannan ita ce 'yar baƙin ciki. Tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya ikon bincikar yadda ake kashe kuɗi da aiwatar da dokoki a sashe na 88 da 89, majalisun jihohi kuma a sashe na 128 da 129, shi ne abin da 'yan majalisa ke kira oversight, in ka ga sun jera motoci sun je duba asibiti ko hanya shi suka fita yi. Amma kalmar nan guda ita ce kuma ke nufin kuskure na rashin lura, abin da ido ya tsallake. Akwai shekarar da aka tsallake sunana a jerin ƙarin girma, na rubuta koke, amsa ta zo a takarda wai abin oversight ne. Na kai ma wani abokina da ke ji da Turancinshi sai ya ce ai ka huta, an ce maganarka na ƙarƙashin kulawa. Wata uku ina jiran kulawa, ashe cewa suka yi mantuwa ce. Haka overlook, da ka gan ta ka ce dubawa ce daga bisa, alhali yawanci kau da kai ne ko tsallakewa. Don haka onorabul zai iya zuwa oversight ya dawo, aikin ya rushe bayan wata shida, a tambaya a ce oversight ne, kuma duk Turanci daidai.

Monita kowa ya san shi tun firamare, yaron da malam ke ba takarda ya rubuta sunan masu surutu. Bai da bulala, iyakarshi ya rubuta ya miƙa, ko ya ce in ba ka yi shiru ba zan rubuta ka, kuma asalin kalmar ma daga gargaɗi take. Har yanzu haka monita yake a manyan ayyuka. A rigakafin shan inna ayarin da ke bi gida gida na da sufabaiza wadda ke tare da su tana duba alli a bango da sanyin magani, sannan daga baya monita ya biyo sawu yana duba yatsun yara ko an shafa masu tawada, shi ba ya ɗiga ma kowa magani, rahoto yake haɗawa. A zaɓe kuma an ƙara raba gashi biyu, monita na hukumar zaɓe ne ita ke turo shi, observer kuma ɗan kallo ne daga waje da aka ba izini, na ƙungiyoyi ko na ƙasashen waje, ba ya taɓa komai ba ya ba kowa umarni. Ranar zaɓen 2023 a rumfarmu gardama ta tashi wajen ƙirga kan wata ƙuri'a da tawada ta ɓata layi biyu, sai jama'a suka yi caa kan wani bawan Allah mai rigar 'yan kallo da kati a wuya wai shi ne babba ya raba gardama, yana ta cewa ni kallo kawai aka turo ni, wani ya ce to uban me ka zo yi. Alhali ga 'yar bautar ƙasa nan zaune, ita ce shugabar rumfa ita ke da hukuncin, samanta kuma akwai SPO wanda ke kula da rumfunan mazaɓa ya raba masu kaya. In duk an kira su masu sa ido a zaɓe a rediyo ya mutum zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa?

Ƙananan hukumomi ma haka, jiharmu na da 34, kowace akwai kansilolin da aka zaɓa daga mazaɓu akwai kuma supervisory councillors da shugaba ke naɗawa su riƙe sashe kaman ayyuka ko lafiya ko ilimi. Nan kam Hausa ta yi abin kai, kansila mai gafaka, shikenan kowa ya gane.

A wajen gini kuma foman ne ko heluma, shi lebura ne ko magini da ya ƙware aka sa shi gaba, yana cikin ƙura tare da su da cokalin gini a hannu, shi ke cewa a kwaɓa a ɗauko a ɗora. Sufabaiza injiniya ne ko wakilin mai aikin da ke zuwa da takarda ya ga an bi zane. Akwai wasu azuzuwa da aka taɓa gina mana, damina ɗaya bango ya tsage har kana hango filin ƙwallo ta ciki, iyaye suka taso ma foman don shi suka saba gani kullum, mutumin ya ce ni buhunan da aka sauke mani da su na yi aiki, in an ce in fitar da bulo sittin a buhu guda ya zan yi, ku nemi wanda ya sa hannu ya ce aiki ya yi. Wanda ya sa hannun kuwa sau biyu muka taɓa ganin motarshi, ko gilashi bai sauke ba na biyun.

Kuma ana cin yaranmu da sunan nan. Ɗan yayata ya samu aiki a wani gidan mai aka ce mashi sufabaiza, uwarshi har da raba goro, ashe abin da ake nufi shi zai fara zuwa shi zai ƙarshe tafiya, ya karanta mita safe da dare, in lissafin masu ba da mai ya yi giɓi a albashinshi za a cire, amma bai iya ɗaukar kowa bai iya sallamar kowa, ko hutun kwana ɗaya bai iya ba yaro sai ya kira manaja. Manaja shi ke da kuɗi da ɗauka da kora da tsara yadda za a yi, sufabaiza na ƙasa da shi yana tabbatar da an yi. Da ya san haka tun farko da ya yi cinikin albashin da kyau. Na jami'a kam ban tsawaita, duk uban da ɗiyarshi ta kai ajin ƙarshe a Jami'ar Umaru Musa ko FCE ya ji "sufabaiza na bai duba ba" har ya gaji, shi wannan jagora ne mai gyara rubutu babi babi, ba shi kaɗai ke yanke makin ƙarshe ba.

Abin da nake roƙo ranka ya daɗe ba wai a ƙirƙiro sabbin kalmomi masu wuya ba ne da ba wanda zai faɗa a kasuwar Charanchi. Muna da su. Infijileta a ce mai tsaron jarabawa, sufabaiza a bar shi sufabaiza tunda har tsofaffi sun san shi ko a ce mai kula da aiki, sufeto a bar ma mai zuwa dubawa da kuma ɗan sandan da ke da muƙamin, observer ɗan kallo ko mai lura, monita mai bibiya, overseeing a ce riƙon ƙwarya, oversight na majalisa a ce bin diddigi, ɗayan kuma a ce mantuwa ko kuskure kai tsaye. "Sa ido" ɗin nan a rage mata kaya, ballantana ma a garinmu in aka ce wane ɗan sa ido ne ba yabo ba ne. Su kuma waɗancan da aka dakatar, in za ku bi labarin dan Allah ku faɗa mana nawa ne masu jaka nawa ne masu tsaron aji, don mu da muka yi aikin mun san wanda makullin kwaɗon ke aljihunshi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani malamin sakandare,
Ƙofar Marusa, Katsina.